Yadda Na Sake Gina Zauren Gidanmu a Kan Allon Katako

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Kafin mako ya zagayo maganar tsofaffin gine-ginen ƙasa ta shiga kowane gida a cikin birni, namu ma bai tsira ba. Zauren gidanmu, wanda kakan mahaifinmu ya sa aka gina, ya daɗe da tsagewa ta kusurwar gabas, domin an yi shekaru ba a yi masa yaɓe ba, kuma indararonsa ɗaya ya karye har ruwa ya riƙa bin bango yana cin gindinsa. Manyan gida suka zauna suka yanke shawarar a rushe shi da zarar damina ta ɗauke, a yi na bulo da kwano. Ban yi musu ba, tun da yara suna kwana a cikinsa, kuma babu ginin da ya kai rai daraja. Abin da na roƙa kawai shi ne a ba ni mako biyu in auna shi kafin a sa masa diga.

Tun ina makarantar sakandare nake da sha'awar haɗa ƙananan samfuran gine-gine. Da kwali da gam da reza na yi tashar jirgin ƙasa, na yi ajujuwan makarantarmu, daga baya da na fara aiki na riƙa sayen kwali mai kauri irin wanda ɗaliban zanen gine-gine ke amfani da shi a Samaru, ina yin gidaje na zamani masu baranda da tagogin gilashi. Sai dai duk waɗannan gine-gine ne na miƙaƙƙen layi da kusurwa daidaitacciya, waɗanda rula da kwali suke iya kwaikwayo ba tare da wahala ba. Zaurenmu kuwa ba shi da layi ɗaya miƙaƙƙe, don haka tun daga farko na ƙudurta cewa da ƙasa zan yi shi, kuma da ƙasar jikinsa, ba da kwali ba.

Na fara awo a tsakiyar watan Oktoba, da tef, da igiya da na ɗaura wa dutse don gane tsayuwar bango, da doguwar gora da na yi wa alama a kowane santimita goma, da littafin rubutu, da wani ƙanena da ke riƙe mini bakin tef. A ranar farko na fahimci cewa tambayar "mene ne faɗin ɗakin nan" ba ta da amsa ɗaya. A ƙasa, daga bangon kudu zuwa na arewa, na sami mita 4.8, daga gabas zuwa yamma kuma mita 4.6, amma da na ɗaga tef ɗin zuwa daidai kafaɗa sai lissafin ya canza, domin bango yana sirancewa ne yayin da yake hawa. A bakin ƙofa na auna kaurinsa na sami santimita 80 a gindi, da na hau sama kuma na tarar bai wuce 40 ba. Dole na sake dabara: na riƙa auna kowane bango a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, sannan na ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, domin da wannan ne kawai mutum zai gane yadda ɗaki ya karkace. Tsayin rufin daga daɓe zuwa tsakiyar tulluwa, wato ƙubbar rufin, inda ƙafafun baka huɗu, lanƙwasassun ginin nan da ke tasowa daga bango suna ɗauke da rufin, suka haɗu, mita 4.4 ne. Lanƙwasar bakan ce ta fi cin lokaci. Na shimfiɗa igiya a ƙasa daidai ƙarƙashin kowace ƙafa, na yi mata ƙulli a kowane santimita talatin, a kan kowane ƙulli na tsayar da gora har ta taɓa bakan, na rubuta tsayin. Da na haɗa ɗigon a takarda da dare sai siffar ta fito, ba rabin da'ira ba ce kamar yadda ido ke nuna wa mutum, a'a, gajerun layuka ne miƙaƙƙu da aka lulluɓe da ƙasa har suka yi kama da lanƙwasa. Na ga wannan a takarda, amma ban fahimci abin da yake nufi ba sai bayan wata biyu.

Na ɗauki hotuna sama da ɗari biyu da waya, kuma a kowane hoto na jingina rula a jikin bango don kada girman abu ya ɓace mini. Zanen da ke saman ƙofar ciki na kwafe shi ta hanyar manna babbar takarda a kai ina gogawa da gawayi. Ranar da aka rushe zauren, a farkon Nuwamba, na tsaya har aka gama, na cika buhu biyu da ƙasar bango, na zaɓi guntayen azara uku da ba su ruɓe ba, na kuma ɗauki tubali guda ɗaya da ya fito lafiyayye, mai siffar ƙwai, gindinsa da faɗi kansa a tsuke. Yana kan teburina har yanzu, kuma shatin yatsun wanda ya mulmula shi na nan a jikinsa.

Ma'aunin da na zaɓa shi ne ɗaya cikin ashirin, wato kowane santimita ɗaya a samfuri yana wakiltar santimita ashirin a ainihin gini. Da farko na so in yi ɗaya cikin hamsin, wanda na saba da shi a aikin kwali, amma lissafi ya nuna cewa tubali zai koma kamar ƙwayar dawa, hannu ba zai iya jera shi ba. A ɗaya cikin ashirin cikin zauren ya zama santimita 24 da 23, tsayinsa 22, gindin bango 4, samansa 2, kuma tafin hannuna yana iya shiga ciki ya yi aiki. Kafinta ya yanka mini allon katako mai santimita 50 kowane gefe, ya ƙarfafa shi da sanduna biyu ta ƙasa don kada danshi ya lanƙwasa shi. Na zana shatin ginin a kai, na bi shatin da ƙananan ƙusoshi na bar kawunansu a waje, sannan na manna yankin buhun algarara a tsakaninsu, domin ƙasa ba ta kama katako mai santsi, tana bukatar abin da za ta riƙe.

Sai maganar kwaɓi. Na daka ƙasar zauren a turmi, na tankaɗe ta da rariyar laushi har ta zama kamar garin tuwo, ina ganin cewa tun da komai ya ragu sau ashirin, to ƙwayar ƙasa ma ya kamata ta ragu. Na kwaɓa, na ɗora ɗan bango na gwaji, washegari na tarar ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Dalilin a bayyane yake da na zauna na yi tunani: tankaɗen ya fitar da yashi da tsakuwa da ragowar ciyawar da magina suka sa, ya bar yumɓu zalla, shi kuwa yumɓu yana shan ruwa ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke. Ga shi kuma hunturu ya fara shigowa, iska tana busar da bayan bango tun cikinsa yana ɗanye. Na yi ƙananan sanduna na ƙasa masu tsawon santimita goma, kowanne da haɗinsa daban, na jera su a inuwa na kwana uku. Na yumɓu zalla ya ragu da kusan milimita bakwai kuma ya karye gida biyu. Wanda na haɗa awo biyu na garin ƙasa da awo ɗaya na yashi mai laushi, na zuba masa zaren rama da na yayyanka ƙanana a madadin datsin da ake sa wa kwaɓi, bai ragu da fiye da milimita biyu ba, kuma sai da na sa ƙarfi kafin ya karye. Shi na ɗauka. Na kuma bi al'adar magina ta barin kwaɓi ya kwana: nakan kwaɓa, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma, in sake murzawa kowace safiya har kwana uku kafin in taɓa shi, kuma bambancin da ke tsakanin kwaɓin da ya kwana da na yau-yau a hannu ake jin sa, na farko yana da danƙo yana bin yatsa, na biyu kuwa yana marmashewa.

Tubalin ya ci mini mako biyu cur. Kowanne bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, ana mulmula shi tsakanin babban yatsa da manuniya, a dangwara gindinsa a kan faranti don ya zauna. Yaran gida suka ɗauki abin da muhimmanci, bayan sallar Isha'i mukan zauna su huɗu da ni a kan tabarma, kowa da farantinsa, har muka tara sama da 3,500. Jerawa kuwa ni kaɗai na yi, da matsefata da tsinke. Ana tsayar da tubali ne a kan gindinsa, kai sama, a jera sahu, a cike tsakani da kwaɓi, a shafe sama, sannan a ɗora sahu na gaba; a gindin bango tubali huɗu ne ke cika kauri, yana hawa suna komawa uku, a can sama biyu. Ban taɓa ɗora fiye da sahu biyu a rana ba, kuma kowane dare nakan lulluɓe aikin da ɗanyen ƙyalle don ya bushe a hankali. Na bar gurbin ƙofofi biyu kamar yadda suke a ainihi, ta waje a bangon yamma, ta shiga gida kuma a bangon arewa can wajen kusurwa, yadda baƙon da ke zaune a zaure ba zai hango tsakar gida ba. Zuwa ƙarshen Disamba bango huɗu sun kai santimita 17, sun bushe ƙarau, ba tsaga ko ɗaya.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne girma. Na yanka kwali daidai da lanƙwasar da na auna, na kafa shi a cikin ɗakin a matsayin abin tallafi, na ɗora kwaɓi a kansa daga bango zuwa bango, da niyyar idan ya bushe in zare kwalin bakan ya tsaya da kansa, kamar yadda ake yi wa bakan dutse ko na jan bulo. Na jira kwana biyar. Da na zare kwalin, bakan ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya buɗe a tsakiya ya zube cikin ɗakin. Na sake gwadawa da kwaɓi mai yawan rama, wannan karon ya rabu da bango ta gefe ɗaya ya rataya.

Akwai wani tsohon magini a unguwarmu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kuma yana yaro yana cikin masu miƙa kwaɓi lokacin da ake yi wa zaurenmu yaɓe. Yanzu ƙafa ta hana shi hawa gini. Na ɗauki allon a kan babur na kai masa har ƙofar gida, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana dubawa, ya shafa bangon da bayan hannu, ya yaba jerin tubalin, sannan ya ɗauki guntun bakan da ya zube ya murtsuke shi ya ce, "Ɗana, ina azararka?" Na ce, "Baba, na ajiye ta ne sai an zo rufi." Ya girgiza kai ya ce, "Wa ya gaya maka ƙasa ce ke ɗauke da soro? Ƙasa riga ce, azara ce ƙashi. Kuma ƙashin nan tun bango yana kafaɗa ake dasa shi, ba bayan an gama ba. Sai ka rushe."

Ya ɗauki tsinken tsintsiya ya nuna mini a ƙasa yadda abin yake. Bakan gizo, kamar yadda magina ke kiran irin wannan baka, ba a ɗora shi a kan komai, babu wani katakon tallafi da ake kafawa a ƙarƙashinsa. Idan bango ya kai kafaɗar mutum, sai a kafa damin azara a cikinsa, a ɗan karkatar da kansa zuwa cikin ɗaki, a ci gaba da gina bango a kan gindinsa, nauyin ƙasar da ke sama shi ne ke danne shi ya hana shi faɗowa. A lulluɓe shi da kwaɓi a bar shi ya bushe sarai. Sannan a kawo dami na biyu a ɗora shi a kan na farko, su haɗu da juna da tazara mai kyau, a ɗaure tam da igiya, shi kuma a ƙara karkatar da shi fiye da na farko, a sake lulluɓewa, a sake jira. Haka ake yi daga kowane ɓangare, gaɓa bayan gaɓa, har kawunan su kusanci juna a sama, a gitta musu azara a ɗaure su wuri ɗaya. Ya ce azara ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce gaba ɗaya, wato tsawon hannu biyu a buɗe, in an wuce haka sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa, kuma duk dabarar baka an ƙirƙiro ta ne don a sami ɗaki mai faɗi da itace gajere. Irin na zaurenmu, inda baka biyu suka gitta juna a tsakiya, shi ake kira ɗaurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake gitta sanduna a ɗaure a bakin gugan ƙwarya. A lokacin ne na tuna gajerun layukan nan miƙaƙƙu da suka fito mini a takarda: kowane layi dami ɗaya ne na azara, na auna ƙashin ginin ba tare da na san shi nake aunawa ba.

Hira ta kai mu ga Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Baba ya ce da wannan dabara ɗaya, ta azara da igiya da jira, aka ɗaga waɗancan manyan bakuna da ginshiƙai, babu wani sirri da ya wuce sanin inda nauyi ke bi. Na taɓa ganin kwafin masallacin da aka gina a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, wurin da masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya tsaya a kan kafa shi bayan ya shafe shekaru yana auna gine-ginen Najeriya, amma a wancan lokaci kallo kawai na yi, ban san abin da ke cikin ƙasar ba. A ganina wannan shi ne raunin yawancin samfuran da muke yi na ginin Hausa da kwali ko soso: suna nuna siffa, amma ba sa nuna dalilin siffar, don haka wanda ya kalle su zai ɗauka ado ne kawai da za a iya manna wa ginin siminti.

Na koma gida na jiƙa saman bangon, na sauke shi da wuƙa a wurare huɗu, tsakiyar kowane bango, har zuwa santimita 8, daidai kafaɗa ke nan a ma'aunina. Rushe abin da aka jera da matsefata yana da ciwo, amma babu wata hanya. Guntayen azarar da na tsinto su na tsaga. Azara daga giginya ake fasa ta, kuma ƙarfinta da rashin cin gara suna cikin baƙaƙen zaruruwan nan masu tauri da ke jikinta, waɗanda suke shiga yatsa kamar allura idan mutum bai yi hankali ba. Na fitar da tsinkaye masu tsawon santimita 9, wato gaba ɗaya, da kaurin milimita uku zuwa huɗu, na goge su da takardar yashi. Kowane dami tsinke huɗu na sa masa, na ɗaure da zaren rama da na murza da kakin zuma don kada ya kwance. Na dasa damin farko a ɓangarori huɗu, na mayar da tubali a kansu, na jira kwana huɗu. Na biyu ya fi wuya, domin a nan ne karkata take ƙaruwa, kuma sai da na riƙa gwada shi da shatin kwalin nan da na yanka tun farko, wanda yanzu ya koma abin duba lanƙwasa kawai, ba abin tallafi ba. Na uku ya kusa kwanciya. Ranar da na gitta tsinkaye na ɗaure kawunan huɗu a tsakiya, na danna wurin da yatsa a hankali, na ƙara ƙarfi, sai na ji duk ginin yana amsawa tare, nauyin yana sauka ta ƙafafu huɗu zuwa cikin bango. Mako uku wannan sashe ya ci, kuma kwanakin jira sun fi na aiki yawa. Ma'auni ya rage tsawo da faɗi sau ashirin, amma bai rage wa ƙasa lokacin bushewarta yadda na zata ba.

Bayan baka sun tsaya, rufin ya rabu gida huɗu. Kowane gida na rufe shi da tsinkayen azara, na fara gittawa daga kusurwa, ina jera su kusa da kusa a karkace har suka cike gurbin, wanda daga ciki yake ba da zubin nan mai kama da ƙashin kifi da nake kallo ina yaro idan na kwanta rigingine a zauren. A kan azara ake shimfiɗa zana don kada ƙasa ta zubo. Ni na saƙa tawa da siraran ciyawar tsintsiyar laushi. Sannan na ɗora kwaɓi, na yi masa tudu a tsakiya yadda ruwa zai gangara, na zagaye saman bango da rawani, wato gajeren bangon da ke kewaye rufin soro, na fitar da zankwaye a kusurwoyi huɗu da biyu a saman ƙofa, na fafe ƙaramin kara na yi indararo. Gida ɗaya daga cikin huɗun na bar shi a buɗe da gangan, mataki-mataki, yadda mai kallo zai ga azara, ya ga zana, ya ga ƙasa, haka kuma na bar wani yanki na bangon gabas ba yaɓe don jerin tubali ya bayyana. Ta buɗaɗɗen rufin nan ne kuma ake leƙa cikin ɗakin.

Don yaɓen waje na nemi makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa ya ba da ruwa mai duhu, wajen wata mata mai yin daddawa. Na jiƙa shi kwana biyu, na tace, na kwaɓa garin ƙasa da ruwan, na shafa da yatsa ina barin shatin hannu kamar yadda magina ke yi. Ya bushe ya ba da launin ja mai duhu da ɗan sheƙi, kuma da na ɗiga masa ruwa sai ɗigon ya tsaya bai shige nan take ba. Saman soro a da laso ake yi masa, haɗin katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara, kamar yadda Baba ya lissafa mini, amma ban sami katsi ba, don haka na yi amfani da makuba a can ma, na kuma rubuta hakan a takardar da na manna a ƙasan allon don kada wani ya ɗauka haka ainihin yake.

Cikin ɗakin na fara gyarawa bisa ga hotunana: farar ƙasa a bango, alkuki biyu a bangon kudu, dakali a gefen ƙofa, da zanen saman ƙofar ciki, wanda dagi ne a tsakiya da takobi a kowane gefe. Zanen na rage shi daga kwafin gawayi zuwa santimita shida, na murza kwaɓi sirara kamar taliya na bi layin da su a kan ɗanyen yaɓe, na daidaita gefensu da tsinken sakace, domin irin wannan zane tudu yake yi a jikin bango, ba fenti ba ne. Sau huɗu ina kankare dagin kafin zaren ya shiga ya fita yadda ya kamata, wannan ya hau wancan ya bi ta ƙarƙashi ba tare da ya yanke ba. Na ɗauka na gama, sai na kai wa Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ita ce mafi tsufa a cikin waɗanda aka haifa a gidan.

Ta sa aka ɗora allon a kan kujera ’yar tsuguno a bakin ƙofarta inda haske yake, ta sunkuya ta leƙa ta buɗaɗɗen rufin, ta yi shiru. Can ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma wannan zauren tsufansa ka yi, ba ƙuruciyarsa ba." Ta ce a zamanin da take yarinya ba fari fat yake ba, daga ƙasa zuwa daidai ƙugu jar ƙasa ake shafa masa saboda jinginar mutane, kuma ƙafafun bakan ana bin gefensu da shuni. Ta ce a tsakiyar rufin, inda ƙafafu suka haɗu, akwai farantin tangaran mai fure da aka manna tun lokacin gini, wanda ya faɗo ya fashe shekaru da yawa da suka wuce, shi ya sa na ga ɗan rami a wurin na zata lalacewa ce. Alkukin da ke kusa da ƙofa na fitilar aci-balbal ne, samansa kullum baƙi da hayaƙi, ɗayan kuwa nan kakanmu yake ajiye tawada da alƙaluma. Ta nuna mini da yatsa inda buzunsa yake, yana fuskantar ƙofar waje, da inda almajirai ke jingine allunansu, da inda ake ajiye randa da moɗa don masu wucewa. Na ce, "Gwaggo, dagin fa, haka yake?" Ta ce haka yake, sai dai takubban a da fari ne ake yi musu, dagin kuma shuni.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tef ko hoto zai iya ba ni, kuma sai da na tsaya na yi shawara da kaina a kan wane zaure nake ginawa, wanda na auna ko wanda ta sani. Na zaɓi nata a ciki, na bar nawa a waje, har da tsagar kusurwar gabas da na zana da bakin allura. Na shafa jar ƙasa zuwa santimita biyar daga daɓe, na jiƙa ɗan shuni na bi gefen bakan da gashin kaza, na yanko ƙaramin da'ira daga murfin gwangwani na yi masa farin fenti da ɗigon fure na manna a tsakiyar rufin. Na kunna ashana na kanga a saman alkukin har ya yi baƙi. Buzun na yanka daga guntun fatar akuya da na samo wajen dukawa, allunan daga ɓawon kara, randar kuma da ragowar yumɓun nan na farko da ya ƙi yin bango, na gasa ta a cikin garwashi ta yi ja.

Na gama kwana kaɗan kafin azumin 2024, wata biyar ke nan da fara awo. Da na ɗora shi a sikeli ya kusa kilo 13. Kafinta ya yi masa akwatin gilashi mai ƙananan huji a gefe don iska, saboda ƙasa ba ta son a toshe ta gaba ɗaya, kuma na ajiye shi nesa da taga don kada feshin damina ya same shi. Ranar ƙaramar Sallah na sauko da shi sabon zauren bulo, inda ’yan uwa ke taruwa gaisuwa, aka aika aka ɗauko Baba magini. Ya sa aka cire gilashin, ya zura yatsa ta ƙofar yamma ya taɓa gindin baka, ya danna tsakiyar tulluwa da tafin hannu, sannan ya ce zankwayen ƙofa sun yi tsawo kaɗan, in rage su. Na rage su a daren, da jiƙaƙƙen tsumma da bakin reza.